Kwanon Dubiya

Ranar sadakar arba'in ɗin Baba, wani abokin aikinsa ya miƙe a ƙofar gidanmu a Daura ya ce Farfesa ya ga gata, tun da ya kwanta har Allah Ya karɓi abinsa ƙofarsa ba ta rabu da jama'a ba. Maza suka yi ta gyaɗa kai. Ni ina cikin soro ina ji, na ciji leɓe har sai da na ji ɗanɗanon jini. Wannan gatan da ake yabo shi ne abin da na fi tsana a jinyar ubana, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, an tuna mini har na gaji da ji. Amma sanin ajali bai hana a faɗi inda aka yi sakaci ba.

Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini tun ina rarrafe har na yi 'ya'ya. Malamin jami'a ne, a kan ƙasar noma da gero ya ƙarar da ƙuruciyarsa da furfurarsa. A garin Babban Mutum aka haife shi, uwarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa Gwaggo Lami ce ta raine shi da shi da ƙanensa Baffa Sale. Duk inda aiki ya kai shi, ranar Alhamis da la'asar motarsa tana ƙofar gida. Shi ke goge mana kayan makaranta, kuma a tire ɗaya yake cin abinci da mu 'ya'yansa mata, abin da Baffa ya yi shekaru yana gunaguni a kai. Manoman Zango da Sandamu kan zo masa da ƙasa a leda ko zangarniyar da ta kamu da cuta, sai ya tattare babbar riga ya tsuguna tare da su kamar a bakin gona. Ban taɓa jin ya ce wa wani "je ka dawo" ba. A da ina alfahari da wannan hali nasa.

Da takalmi ciwon ya fara. Ya daina sa sau-ciki ya koma silifa, ya ce zamani ya canza, farfesoshi ma sun waye. Muka yi dariya. Daga nan Umma, mahaifiyarmu, ta lura idan zai je masallaci sai ya tsaya gaisawa da kowane mai shago a hanya, har da waɗanda bai saba tsayawa wajensu ba. Ashe ba gaisuwa ba ce, numfashi yake mayarwa. Ya riƙa tara matashin kai a bayansa, daga baya kwanciyar ta gagara sai barci a zaune. Baffa Sale ya zo ya duba ƙafar, ya danna, ya yanke hukunci cewa sanyi ne, ya aiko da jiƙo a galan da ƙullin jar kanwa. Baba, mutumin da ya san abin da kanwa ke yi wa ƙasar noma, ya sha saboda ƙanensa ne ya kawo.

A matakalar ajinsa ya faɗi, ɗalibai suka kwashe shi zuwa wani babban asibiti a Katsina. Ko da na isa na tarar da shi a kan benci, bakinsa a buɗe yana neman iska, ana jiran mai yankar kati ya dawo daga inda ya tafi. Muka yi layin kati, muka yi layin hoton ƙirji, muka yi layin jiran gado har rana ta karkata. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, da wata tsohuwa ta iso tana nishi, Baba ya matsa mata ya ce ta wuce gabansa. Magani kuwa kusan duk wanda aka rubuta sai a waje, kuma duk komawar da zan yi kantin sai na ji farashin ya ƙara tsawo. Kafin mu bar asibitin nan 'yan kunnen Umma na zinari sun bar kunnenta, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba.

Likitar da ta karɓe shi wata matashiya ce mai kaifin baki, Allah Ya saka mata da alheri duk inda take. Ta danna yatsa a ƙaurinsa, ta ɗaga, ramin ya tsaya bai cike ba. Ta sa ni ma na danna don in koya.

"Zuciyar ta gaji," in ji ta. "Ba ta iya tura ruwa, shi ya sa yake taruwa. Gishiri a wajensa guba ne, kanwa ma haka, dunƙulen magi ma haka. Kuma ya huta. In na ce hutu, har da magana."

Baba ya yi murmushi ya ce shi da magana yake cin abinci. Ta ce to yanzu ta sa shi a azumi.

Cikin mako guda da 'yan kwanaki ƙafar ta saɓe, ya kwanta a miƙe, har ya fara tsokanar nas-nas yana tambayarsu irin geron da ake shukawa a garinsu. Aka sallame mu. Muka kamo hanyar Daura muna murna, ba mu san wurin ciwon muka nufa ba.

Ba mu gama sauke kaya ba aka fara sallama. Wanda bai san garinmu ba zai ɗauka ƙari nake yi. Tun hantsi ake shigowa, 'yan'uwa, surukai, maƙwabta, abokan makarantar firamare, manoman da ya taɓa duba wa gona, matan waɗanda ya taɓa sama wa 'ya'yansu gurbin karatu. Kowa ya shigo sai Baba ya yunƙura ya tashi zaune, ya nemi hularsa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki. Wani abokin aikinsa ya zauna tun bayan azahar har aka kira la'asar yana ba shi labarin rikicin shugabancin sashensu, Baba yana amsawa yana haki. Ɗalibai kuwa suka gano dabara, su zo da ledar lemo a sama, babin bincikensu a ƙasa. "Ranka ya daɗe, ba don yanzu ba, sai ka ji sauƙi," sannan su ajiye a gefen matashinsa inda hannunsa zai kai. Da sun fita sai ya lalubo jan biro.

Duk wannan da sauƙi a kan kwano. A wajenmu mace ba ta zuwa dubiya hannu sake, kuma ba a dafa wa marar lafiya abinci salaf, ai bakinsa babu ɗanɗano, sai a ƙara masa gishiri da yaji da daddawa don ya samu ya ci. Farfesun kaza, farfesun kayan ciki, dambun nama, faten wake da kanwa. Maza kuma su zaro kilishi ko balangu daga aljihu. Kuma ba a ajiye a tafi ba, sai a buɗe a gabansa, a miƙa cokali, a ce ko loma ɗaya ce ya daure. Baba bai taɓa mayar da cokalin ba. Loma ɗaya daga kwanon Zango, loma ɗaya daga na Sandamu, loma ɗaya daga na maƙwabta, kafin magariba ya ci gishirin da lafiyayye ma zai kwana yana neman randa.

Na yi wa Umma magana. Ta ce me take da shi da za ta hana mutum ya ci abin da 'yan'uwansa suka kawo, so nake a ce matarsa ta raba shi da danginsa? Kuma duk wanda ya tambaye ta jiki, a waya ko a tsakar gida, amsarta ɗaya ce, da sauƙi, alhamdu lillahi. Haka aka koya mata, haka aka koya mana, ba a tallar ciwon babba. Ni ma a makon farko haka nake cewa, bakina yana faɗa, idona yana kan ƙafarsa da ta fara komawa gidan jiya.

Sai na ɓullo da tawa dabarar. Kullum da safe in dafa kaza babu gishiri, in ajiye a madafa. Duk wadda ta shigo da kwano sai in tare ta da fara'a in ce bari a ɗumama, in juye nata, in zuba nawa, in kawo. Loma ta farko Baba ya gane. Ya haɗiye, ya yabi mai kwanon har ta rufe fuska don jin daɗi. Da ta fita ya dube ni ya ce, "Uwata, gishiri ya yi tsada a Sandamu ne bana?" Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Dabarar ba ta yi nisa ba. Matar Baffa ta ɗanɗana abin da aka ce nata ne, ta fita tsakar gida tana tafa hannu, wai an mayar da girkinta abin zubarwa. Kafin yamma Baffa ya iso da rigarsa tana jan ƙasa. Ya ce don na ci sunan Inna ba ni ce Inna ba, ya ce ɗan'uwansa ba fursuna ba ne, ya ce in likita ta isa ta hana mutuwa me ya sa ake fito da gawa daga asibitinsu. Daga ranar mata suka daina sakar mini kwano, kai tsaye suke wucewa da shi ɗakin, wasu har da harara.

Na shiga wajen Baba ina kuka don haushi. Na ce shi da ya koya wa dubban mutane abin da gishiri ke yi wa gona, yaya zai zauna yana zuba wa kansa? Ya bari na gama, sannan ya ce in zauna.

"Lokacin da Inna ta rasu, Yaya Lami yarinya ce ƙarama," in ji shi. "Ranar da babu a gidanmu, kwanukan mutanen nan ne ke shigowa ta katanga. Da su na yi firamare, da su na yi sakandare. Yau don na zama farfesa in ce abincinsu guba ne? Bakina ba zai iya ba, Uwata."

Na ce to ni nawa bakin zai iya. Ya ce kada in kuskura in kunyata shi. Na fita na bar ɗakin, kuma a ranar na ji haushinsa fiye da na kowa, duk da ban taɓa son wani mahaluki kamar yadda nake son sa ba.

A mako na huɗu da dawowarmu, wata safiya yana alwala sai numfashi ya ƙi. Muka sake kwasar hanyar Katsina, yana zaune a bayan mota ya dafa kujerar gaba, ƙirjinsa yana ƙara kamar ruwa na tafasa a tukunya. Likitar nan ta duba shi, ta sa masa robar iska, sannan ta juyo kaina kamar za ta mare ni, ta ce wa ke ba shi gishiri? Na ce garinmu duka. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan karon ya ci rabin abin da ya rage wa zuciyar, in aka sake na uku kada in yi tsammanin komai daga wajenta.

Har can suka biyo mu, mota guda shaƙe, da kwanukansu a ɗaure cikin ɗankwali. Wata babbar nas mai jiki, wadda har gobe nake sa ta a addu'a, ta tsaya a bakin ɗakin ta ce ko uwar da ta haife shi ce sai lokacin ziyara, kuma kwano ko ɗaya ba zai wuce ta ba. Abin mamaki, babu wanda ya yi mata musu. Baffa da ya cika mini kunne da zancen zumunci, sai ga shi yana "to, ranki ya daɗe" yana ja da baya. Ashe sun iya jin magana, farar riga kawai suke jira. A bayan wannan baiwar Allah Baba ya sake farfaɗowa, ba kamar da ba, amma ya farfaɗo. Na roƙi a bar mu mu ƙara kwanaki, aka ce ana bukatar gadon, kuma gaskiya ne, na ga masu jiransa a kwance a baranda.

Ranar Alhamis muka dawo. Washegari da aka sauko daga masallacin Juma'a na leƙa waje na ga takalma sun fara taruwa a ƙofar soro, ga mata sun doso da kwanuka a ka. Ban yi shawara da kowa ba. Na ja ƙofar ɗakin Baba na rufe, na tsaya a gabanta da hijabina. Baffa na gaba, ya ce in kauce. Wani dattijo daga bayansa ya ce yaya mai jikin, an ce da sauƙi.

"Babu sauƙi," na ce. "Ƙarya muke yi muku tun farko. Zuciyarsa ta kusa tsayawa, kuma abincinku da zamanku su ke ƙarasa shi. Wanda ke son sa ya yi masa addu'a daga nan ya koma."

Umma ta shige ɗaki ta rufe fuska. Baffa ya fara salati yana cewa yau ya ga ƙarshen tarbiyyar boko, 'ya tana yi wa ubanta fatan mutuwa a bainar jama'a. Ana cikin haka sai na ji ƙarar sanda a ƙasa, mutane suna darewa. Gwaggo Lami ce. Shekara da shekaru ba ta fita daga Babban Mutum ba saboda gwiwa, duk jinyar nan ta hannun direbobi take aiko da kwanonta duk ranar kasuwa, kuma nata ne kaɗai Baba ke cinyewa tas har ya suɗe. Ranar ta hau babur ta hau motar haya ta zo da kanta, kwanon yana rungume a ƙirjinta.

Ta tsaya a gabana, ta ɗago ta dube ni da idanunta da suka fara yana, ta ce in sake faɗin abin da na faɗa, a hankali, kunnenta ya yi nauyi. Na sake faɗa, na ƙara da abin da likita ta ce game da gishiri da kanwa. Ta dubi kwanon hannunta ta daɗe.

"Har da nawa?"

Na ce har da naki, Gwaggo.

"Kullum na aiko a tambaya, sai a ce mini da sauƙi," in ji ta. "Ni kuwa in ƙara gishiri, in ce bakinsa ya fara dawowa."

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta miƙa mini kwanon, ta ce a kawo mata tabarma. A bakin ƙofar ɗakin ta shimfiɗa, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta gitta sandarta. Ta dubi Baffa ta ce, "Sale, kwashe mutanenka." Ya buɗe baki, ta ce ita ta yi masa wankan tsarki yana yaro, kada ya sa ta tuna masa sauran a gaban surukansa. Haka suka juya ɗaya bayan ɗaya, wasu da kunya, wasu da fushi, kuma na ga mata biyu suna share hawaye, su ma ba su sani ba. Wannan shi ya fi ci mini rai har yau. Da yawansu ba mugaye ba ne, mu muka rufe su da "da sauƙi" suka yi ta kashe shi da ƙauna.

Daga ranar Gwaggo ba ta bar bakin ƙofar nan ba sai don salla. Ɗalibi ya zo da ledar lemo, ta karɓi lemon ta mayar masa da takardunsa. Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Baba ya yi barci, ya ci abincina marar daɗi yana yi mini tsiya, ya sa jikokinsa suka zauna a gefen gado yana nuna musu yadda ake gane zangarniyar da za ta yi ido. Wata rana na ji shi yana ce wa Gwaggo ta ƙofa, ashe haka hutu yake, Yaya, da na sani da na fara tun bara. Ta ce masa ya rufe baki, likita ta hana shi magana.

Bai kai mako biyu a haka ba. Ramin da nake dannawa a ƙaurinsa ya daina cikewa ko an sha magani. Wata Talata da hantsi, bayan ya yi walaha a zaune, ya ce in gyara masa matashi, ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya ce kada in riƙe kowa a zuciya. Kafin in dawo da ruwan da ya nema ya tafi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya saka masa da irin alherin da ya yi wa mutane. Wasiyyarsa ta ƙarshe kuwa ina ƙoƙari, amma ban iya ba tukuna.

Kwanuka suka sake cika gidan a zaman makoki, har babu wurin taka ƙafa a madafa. Da Gwaggo za ta koma na wanke nata na kawo mata, ta kau da kai ta ce in ajiye, ba ta son sake ganinsa. Yana nan a saman kabad ɗin Umma, farin kwano mai jan baki, ko buɗe shi ba a yi.

Don haka ga abin da nake roƙon duk wanda ya karanta. In za ka dubiya, tambayi mai jinya kafin ka tambayi marar lafiya, kuma in an ce ka tsaya a ƙofa, tsaya, addu'a tana ratsa katanga. Kada ki miƙa wa marar lafiya cokali ki tsare shi da ido. Ku kuma masu jinya, in babu sauƙi ku ce babu. Kunyar da kuke gudu ta yini ɗaya ce, ni na sha ta, ban mutu ba.

Watan jiya jinin Umma ya hau, ta faɗi a tsakar gida, likita ya ce hutu da barin gishiri. Ba mu daɗe da dawowa ba wayata ta yi ƙara, Baffa Sale ne, karo na farko tun rasuwar Baba. Ya ce yaya mai jikin, ga su nan tafe da iyali. Na ce babu sauƙi, kuma kada ku zo. Ya kashe wayar, kuma na ji an ce ya yi rantsuwa ba zai sake taka gidanmu ba. Umma tana ɗaki yanzu haka tana barci, ƙafarta ba ta kumbura ba, na danna na gani da safe. Makullin ɗakin yana ɗaure a haɓar zanena.